Shawara ga mai son kwana a Three Mile Island

'Yan'uwa mazauna Amurka, duk wanda yake shirin kai iyalinsa hutu a sansanin Three Mile Island da ke tafkin Winnipesaukee a jihar New Hampshire, ya kamata ya san abin da zai tarar tun kafin ya biya kuɗi. Ƙungiyar Appalachian Mountain Club, ta masu hawan duwatsu da yawon daji, wadda aka kafa a Boston a 1876, ita ce ke kula da wurin tun 1900, kuma da gangan aka bar shi yadda magabata suka san shi: ƙananan ɗakunan katako a bakin ruwa, babu lantarki, babu famfo a ciki, sai fitilar kananzir, kuma da jirgin ruwa ake ƙetarawa tsibirin.

Saboda haka ku tafi da tocila da ƙarin batir, da maganin sauro, da bargo mai kauri, domin ko a watan Yuli iskar tafki tana sanyi bayan Isha'i. Wanda ke dogara da waya wajen sanin alƙibla da lokutan salla ya rubuta su a takarda, ya riƙi ɗan kamfas.

Abin da na fi jaddadawa shi ne abinci. Ana dafa wa kowa tare, a ci a wuri ɗaya, don haka ku sanar da masu girki tun lokacin yin rajista cewa ba ku cin naman alade, ku tambayi abin da za su iya tanada. Ku nemi gurbi tun farkon shekara, domin iyalai da yawa suna komawa duk bazara, wuri kan cika da wuri.