Yadda nake bin sawun kaya a siton gidan tarihi

Ba sai ɓarawo ya shigo ba kaya ke ɓacewa a gidan tarihi. A ɗauke akushi daga kanta ta uku a ɗora a ta bakwai ba a rubuta ba, to ya ɓata, ko da yana cikin ɗakin. Ni ke riƙe da sito a wani ƙaramin gidan adana kayan tarihi nan Zariya, kuma ga tsarin da nake koya wa duk wanda aka turo mini, ma'aikaci ne ko ɗalibi daga Samaru.

Kafin ka taɓa kaya, ba wuraren ajiya lamba. Kwatance ne, kamar yadda za ka ce wa baƙo ya shigo ta Ƙofar Doka, unguwa kaza, layi kaza, gida kaza. Ka fara da gini, sai ɗaki, sai kanta, sai hawa, sai kwali. Idan na rubuta A/2/K5/H3/12, kowa ya san ginin A ne, ɗaki na 2, kanta ta 5, hawa na 3, kwali na 12. Ƙidayar kantoci daga hagun ƙofa take tashi, ta hawa kuma daga sama zuwa ƙasa, kuma a kowane ɗaki haka ne. Lambar a jikin kantar za ka manna ta, da manyan baƙaƙe. Kada ka yarda da suna irin "kantar tukwane" ko "kabad ɗin Malam", domin tukwane na tashi, Malam na yin ritaya.

Kowane abu kuma da tasa lambar, wadda ba ta canzawa har abada. Mai kashi uku aka fi amfani da ita: 1987.12.3 na nufin shekarar da aka karɓa, rukuni na 12 da ya shigo a shekarar, abu na 3 a cikinsa. A jikin tukunya ko tsingaro irin wanda ake tonowa a Kufena da Turunku, sai ka shafa ɗan Paraloid B-72, wani gam mai garai-garai, a inda ido ba ya kaiwa, ya bushe, ka rubuta lambar da tawada, ka sake shafawa a kai. Sinadarin asiton na cire shi in an so. Babbar riga ko rawani, a ƙyallen auduga ake rubutawa a ɗinke a ciki. Rubutun ajami a takarda, fensir mai laushi kawai. Biro da salatef ba sa shiga sitona.

Inda aikin yake shi ne motsi. Kowane abu yana da wuri biyu a rajista: mazauninsa, da inda yake a yanzu. Yawancin lokaci ɗaya ne. Ranar da suka bambanta, dole a sami takardar da ta faɗi dalili. Ina da ɗan littafi mai kabon, kowane shafi kwafi uku. A kai ana cika lambar abu, daga ina, zuwa ina, kwanan wata, dalili, wanda ya ɗauka, wanda ya ba da izini, da ranar da ake sa ran dawowa. Kwafi ɗaya ya zauna a gurbin da abin ya bari, ɗaya ya bi abin, ɗaya ya tsaya a littafi. Wanda ya zo ya tarar da gurbi ba sulke a ciki, zai tarar da takardar da ke cewa yana ɗakin gyara tun ranar Talata.

Ana cike takardar ne kafin a ɗaga abin. "Yanzu zan dawo da shi" ita ce maganar da ta fi cutar da sito, kuma manya ne suka fi faɗinta. Sai ka ce, "Ranka ya daɗe, sa mini hannu a nan," kana miƙa littafin kana murmushi. Teburin ɗaukar hoto wuri ne, ofishin shugaba wuri ne, motar da za ta kai kaya baje koli a Kaduna ma wuri ce, kowanne ka ba shi lamba. Abin da zai kwana a waje kuwa, ko aro aka ba wata jami'a, a shigar da shi babbar rajista kafin a tashi aiki ranar.

Ƙananan abubuwa, ɗaure su da lambar kwali, ka manna jerinsu a cikin murfi. In damina ta zo rufi ya fara yoyo aka kwashe kwalaye cikin gaggawa, kwalin za ka canza wa wuri a rajista, abin da ke ciki ya bi shi.

Kwamfuta tana da amfani, ko Excel ya isa. Sharaɗi ɗaya: kada ka goge tsohon wuri, ƙara sabon layi a ƙasa, don tarihin motsin ya zauna. Littafin takarda kuma kada ka yar da shi, ka san halin wutarmu. Kwafi ɗaya na rajista a ajiye shi a wani ginin daban, nesa da gara da gobara.

Sai bincike. A 2023 gidan tarihin Birtaniya da ke Landan ya bayyana cewa kusan abubuwa 2,000 sun ɓace, ko an sace, ko sun lalace, kuma da yawansu ba a yi musu cikakkiyar rajista ba. In ya faru a can, ba mu da bakin cika baki. Duk wata nakan sa wani, ba ni ba, ya zaɓi lambobi a rajista mu je mu gan su a kanta, sannan ya nuna abubuwa a kanta mu nemo su a rajista. Na biyun ne ke tono abin da ba shi da lamba. In ka samu irinsa, ba shi lambar wucin gadi, ka ɗauki hotonsa, ka rubuta inda ka tsince shi, domin sau da yawa maƙwabtansa a kanta ne ke nuna asalinsa.

Rajistar wurare ba ta baƙo ba ce. Mai bincike ka kawo masa abin da ya nema a tebur, amma shafin da ke nuna inda tsofaffin kayan yumɓu irin na al'adar Nok suke kwana ya zauna a kulle tare da makullan sito.