Yadda na gyara: layukan DNA da suke ɓacewa a ƙasan jel

Sati biyu na yi ina fama a ɗakin gwajinmu da ke Samaru. Duk lokacin da na ɗora jel ɗin agaros na kashi 2 cikin ɗari (daskararren abin da wutar lantarki ke rarraba guntayen DNA a cikinsa, manya a sama, ƙanana a ƙasa) a kan fitilar UV, layukan sama sai su fito raɗau, ƙasan kuwa duhu. Guntun da nake nema, mai tsawon bp 200 (bp ma'aunin tsawon DNA ne), ko alamarsa.

Na zargi PCR, wato hanyar ninka guntun DNA, na sake shi sau uku. Na zargi ɗauke wuta, na canja firama (gajerun DNA da PCR ke farawa da su). Shiru.

Wata ma'aikaciyar ɗakin ce ta leƙo hoton, ta ce, "Ɗana, ai ko tsanin awonka ya ɓace daga tsakiya zuwa ƙasa." Tsanin awo shi ne jerin layukan DNA da aka san tsawonsu, da ake gwada sauran da su. Nan na farga. Ethidium bromide, rinin da ke sa DNA haske a fitilar UV, cajinsa na tarawa (+) ne, yana tafiya wajen baƙar waya da ke saman jel, DNA kuwa wajen jar waya da ke ƙasa take nufa. Ni a cikin jel kaɗai nake zuba rinin, in bar shi minti 70 a volt 100, sai rinin ya gudu sama ya bar ƙananan guntaye tsirara.

Sai na zuba sabon jel ba rini, na gudanar da shi minti 45. Na sa safar hannu biyu, domin rinin nan ba abin wasa ba ne, na jiƙa jel ɗin a TAE (ruwan da ake gudanar da jel a ciki) mai rini 0.5 µg/mL na minti 30, kwanon a rufe da takardar alminiyom, ina ɗan girgizawa. Daga nan ruwan da aka tace, minti 15. Ruwan rinin na juye shi a kwalbar sharar guba.

Layina ya fito tas. Alhamdulillahi, Allah ya saka wa ma'aikaciyar nan, Mama, da alheri.