Kurakuran da Ke Ɓata Zanen Tufafin Abata a Second Life, da Gyaransu

Riga ta yi kyau a manhajar zane ta Photoshop ko GIMP, amma da abata, wato surar da ke wakiltar mutum, ya saka ta a Second Life, wata duniyar 3D ta intanet, sai ka ga farin layi a kafaɗa, furen ƙirji ya miƙe, hannun riga yana ɓacewa yana dawowa. Yawanci tun a cikin fayil matsalar take, kafin a biya dala 10 ta Linden (kuɗin cikin Second Life) don ɗora hoton.

Farin layin nan shi ne ya fi damun sababbin masu zane. Taswirar UV tana shimfiɗa jikin abata ne gunduwa-gunduwa, gaba daban, baya daban, hannu daban. Mai zane yakan tsayar da launi daidai kan iyakar kowace gunduwa don aiki ya fito tsaf. To amma idan kyamara ta yi nisa, manhajar Second Life tana amfani da ƙaramin kwafin hoton ne, sai launin da ke wajen iyaka ya malalo ciki. Yi yadda tela ke barin rarar yadi a wurin ɗinki: bari launin ya zarce layin da fiksel kaɗan, wato ƙananan ɗigon hoto, ta kowane gefe. In zanen mai ratsi ne, duba ko ratsin gaba ya haɗu da na baya a haƙarƙari.

Sai batun alfa, wato bayanin da ke nuna inda hoto yake shara-shara. A nan aka fi shan wahala. Mutane da yawa suna adana komai a PNG mai alfa, alhali rigar ba ta da inda ake ganin jiki ta ciki. Second Life kuwa tana rikicewa wajen tantance wanne ne a gaba idan abubuwa biyu masu alfa suka haɗu, shi ya sa gashi ke nutsewa cikin kwala, siket kuma ya riƙa walƙiya. In ba ka buƙatar alfa, cire ta, ka adana hoton a TGA mai bit 24, ko ka mayar da zaɓin alfa zuwa None. In gefen leshi kawai kake son yankewa, Alpha masking ya fi Alpha blending, domin fiksel ko dai ya bayyana ko ya ɓace, babu tsaka-tsaki. Lambar yankan tana tsakanin 0 da 255, ka yi ta gwadawa har gefen ya daidaita. Blending na mayafi ne da makamantansa, kuma ko a nan a yi tsumulmula.

Akwai kuma farin da ke kewaye gefen da aka yanke. Fiksel ɗin da ba a gani suna riƙe da launi, yawanci fari. Shimfiɗa launin rigar a ƙarƙashi kafin ka yi alfa, shi ke nan.

Girman hoto ma abin lura ne. Manhajar tana aiki da fiksel 256, 512, 1024 da ire-irensu a tsawo da faɗi. Ka ba ta 700 da 500, za ta matse shi da kanta, da'ira ta koma ƙwai. Wasu kuma komai 1024 suke sa masa, har maɓalli. Hoto ɗaya mai 1024 da alfa yana cin kusan megabayit 4 na ma'adanar katin hoton kwamfuta, mai 512 kuwa 1. Tun da aka buɗe ƙofar 2048 a 2024 abin ya ƙara ta'azzara, don wannan 16 yake ci. A wurin taro, mai irin wannan rigar yakan daɗe a toka-toka a idon jama'a kafin zanen ya sauko.

Miƙewar zane kuwa daga taswirar take. Zanen atamfa mai da'irori shi ya fi tona asiri. Kafin ka soma, lulluɓa wa rigar hoto mai gidan dara, ka ga inda murabba'i ya faɗaɗa, ka gyara a Blender, manhajar ƙera surorin 3D, ko ka ƙanƙanta zanen a wurin.

Ga duk waɗannan, kada ka yi ta ɗorawa kana biya. Zaɓin Local yana nuna maka hoton daga kwamfutarka kyauta, kai kaɗai ke gani. Sa abata ya zauna, ya ɗaga hannu, ka sauya hasken daga tsakar rana zuwa dare, domin inuwar da aka zana da hannu a lanƙwasar riga takan yi baƙi ƙirin idan ta haɗu da inuwar manhajar.