Yadda ake tsara barikin soja da zai kai shekara 30 bai zama matsala ba

Duk wanda aka ba aikin zana tsarin bariki, ko ƙaramin sansani ne, shawarata ta farko kar ya fara da zanen gini. Ka fara da tambayar ina gari zai kai nan da shekara 20 ko 30, don wallahi garin zai biyo ka. Mu nan Katsina mun gani da idonmu, wuraren da muna yara ake ce musu bayan gari yanzu unguwanni ne, kuma duk inda soja suka sauka mutane na matsowa saboda tsaro da ciniki.

To fili kenan. Ka nemi filin da girmansa ya zarce buƙatar yau nesa ba kusa ba, ka kai safiyo ya auna, a kafa turakun siminti a kowace kusurwa, a samu takarda. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, amma kar wannan ya ruɗe ka ka tsallake hakimi da magaji da masu gonaki. Ka zauna da su, a biya diyya tun kafin a aza bulo ɗaya, ka tambaya ko akwai burtali ko maƙabarta ko hanyar da mata ke bi zuwa rijiya a ciki. Na taɓa ganin wani fili da aka auna aka tafi aka bari ba shinge, da aka dawo bayan wasu shekaru sai gero ya kai kafaɗa, turakun ma an tumɓuke biyu an yi murhu da su, dattijon da ke noma wurin kuma ya rantse ba wanda ya taɓa ba shi ko sisi. Gaskiya na ji zafin abin, don laifin ba nashi bane. In kuɗin katanga bai samu ba a dasa bedi layi-layi a kan iyaka, ga shaida ga inuwa ga maganin iskar hunturu.

Sai ma'ajiyar makamai, kuma nan ne nake so a natsu. Ranar 27 ga Janairun 2002 ma'ajiyar barikin Ikeja a Legas ta kama da wuta, bama-bamai suka riƙa tashi, mutane sama da 1000 suka rasu, da yawansu a ruwa suka nutse wajen gudu. Gidaje sun riga sun kewaye barikin. Saboda haka a taswirarka ka kai ma'ajiya da filin harbi can ƙurya, nesa da kwatas da makaranta da asibiti, ka zagaye su da fili wanda ba za a taɓa gini a kai ba, ka rubuta hakan ɓaro-ɓaro, sannan ka kai kwafi ga hukumar tsara birane ta jiha don kar gobe a yanka fulotai a jikin katangar. Wani kwamanda zai zo ya ga fili a banza ya ce a yi shaguna, takardar nan ce kawai za ta tare shi.

Ruwa kuma kar ka dogara da famfon gari. Katsina na shan ruwan dam ɗin Ajiwa, kuma kowa ya san yadda ake fama in rani ya yi nisa, to ka lissafa soja da matansu da 'ya'yansu da 'yan kasuwar mami, wato kasuwar bariki, ba soja kaɗai ba, a haƙa burtsatse fiye da ɗaya da sola da babban tanki. Ruwan sama ma ka yi masa hanya. Ka je filin cikin Agusta ka ga inda ruwa ke kwanciya kafin ka sa kwatas a wurin, ambaliyar da aka yi a Jibiya a 2018 ta ishe mu darasin kwalbati da magudana. Wuta dai ta kamfanin raba lantarki na KEDCO ce da janareta da sola, ka bar wa taransifoma ta gaba wuri.

Ƙofa aƙalla biyu, ta iyali da 'yan kasuwa daban, ta manyan motoci daban, kasuwar mami kusa da ƙofa don baƙo kar ya ratsa cikin bariki.

Kuɗi ba sa zuwa lokaci ɗaya, wannan kowa ya sani, sai ka raba aikin zango-zango, shekara 5 na farko iyaka da ruwa da hanya da ma'ajiya, sauran su biyo baya, kuma kowane zango ya zama ana iya amfani da shi ko na gaba bai zo ba. Ka sa kuɗin gyara a lissafi, rufin kwano da soka-awe ba sa jira. Duk shekara 5 a ɗauko taswirar a zaga filin da ƙafa a ga me ya canza, kuma a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, ta takarda da ta kwamfuta, tunda ofisoshi canjin wurin aiki ake musu kullum, wanda ya san zancen yau gobe yana Maiduguri.