Yadda za ka fara tara wuƙaƙen aljihu ka kuma gane ta kirki

In za ka sayi wuƙar aljihu mai ninkewa kar kyanta ya ruɗe ka, makullinta, wato abin da ke riƙe bakin kar ya ninke, za ka fara dubawa. Buɗe ta ka riƙe ƙotar gam, ka girgiza bakinta sama da ƙasa, in ka ji yana rawa ko kaɗan to haƙura da ita, irinta ce ke rufewa a kan yatsa. Makullan kuma kala-kala ne, Buck 110 ta Amurka da ta fito 1964 nata a bayan ƙota yake sai ka danna za ta ninke, Opinel ta Faransa zobe ne a wuyanta kake murɗawa, su kuma ƙananan Victorinox yawanci ba makulli sam, sifirin ne kawai ke riƙe bakin.

Sai ƙarfen. Mai yawan sinadarin kabon yana wasuwa da wuri amma da ka bar shi da laima sai tsatsa, dole kullum ka goge ka ɗan shafa mai. Ni dai wanda ba ya tsatsa na fi so don yawon yau da kullum.

Wajen gwada wuƙaƙen ka wasa bakinsu duka, ka yanki kwali iri ɗaya da kowacce, sannan ka gwada ta a takarda, wadda ta fara yaga takardar maimakon yankawa ita ta riga dakushewa. Ka kuma yini da ita a aljihu, nan ake jin nauyi.

Kuma ka san dokar inda kake, a Ingila wadda bakinta bai wuce inci 3 ba kuma ba ta da makulli ita aka yarda ka fita da ita ba tare da dalili ba.