Kafin ka yarda a yi maka aikin ciki saboda ciwon suga

Shekara shida ina fama da suga a nan Makka, ƙwayar metformin safe da yamma, daga baya aka ƙara min allura, amma gwajin matsakaicin sugan jini na wata uku da Larabawa ke kira tarakumi ya ƙi sauka ƙasa da 9. Ni ba wani ƙato ba ne, shi ya sa na yi mamaki da likita ya kawo maganar tiyatar rage tumbi, irin wadda ake yi wa masu ƙiba.

Ka fara da lissafin ma'aunin ƙiba. Raba nauyinka da tsawonka na mita, ka sake rabawa da tsawon. Ni kilo 92, mita 1.70, ya ba da kusan 32. Daga 30 zuwa 34.9 ƙaramar ƙiba ce, kuma tun 2016 ƙungiyoyin likitocin suga na duniya suka amince a duba yiwuwar aikin ga mai wannan ma'auni idan magani ya kasa. Wannan na mai suga nau'i na biyu ne kawai. Ka nemi gwajin C-peptide, shi zai nuna ko jikinka na iya yin insulin har yanzu. Wanda sugansa bai daɗe ba ya fi samun sauƙi.

Sai zaɓin aikin, kuma nan ne 'yan uwa ke gaggawa. Iri biyu aka fi yi, da Larabci takmim da tahwil masar. Kowa takmim ya sani, don ya ga maƙwabci ya yi. A takmim ana cire kusan kashi 75 zuwa 80 na tumbi. A tahwil masar kuwa ana ware ɗan ƙaramin aljihu a saman tumbi a haɗa shi da hanji, abinci ya tsallake farkon hanjin, sinadarin GLP-1, wanda hanji ke fitarwa yana taimaka wa jiki fitar da insulin, ya ƙaru. Shi ya sa suga kan sauka cikin kwanaki, tun mutum bai rame ba. A wani bincike na asibitin Cleveland a Amurka kan mutum 150, bayan shekara biyar kashi 29 cikin ɗari na masu tahwil sun kai tarakumi 6 ko ƙasa, masu takmim kashi 23, masu magani kaɗai kashi 5. Ka lura, yawancinsu ba su kai can ba, kuma sugan na iya dawowa.

In kana da ƙwannafi, faɗa wa likita ƙarara, takmim na iya tsananta shi. Ƙwannafin da nake da shi ne ya sa na zaɓi tahwil. Ka kuma tabbatar likitan na da rajista da hukumar Saudiyya mai kula da ma'aikatan lafiya, kada tallan rangwame a waya ya ja ka.

Bayan aikin, kusan mako biyu ruwa-ruwa kawai, sannan abinci mai laushi. Kada ka haɗa ci da sha. Zaƙi ma na iya wahalar da kai: ranar da na sha shayi mai sukari da dabino uku, gumi da bugun zuciya suka kwantar da ni. Tsiren Shara Mansur, wani titi a nan Makka, sai bayan watanni na koma masa, yanka biyu, ina taunawa a hankali.

Shan bitamin B12, sinadarin ƙarfe da kalsiyam ya zama na har abada, tare da gwajin jini. Mace ta jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18. Azumin farko kuma kada ka ɗauka sai likitanka ya amince. Ni na sha na shekarar, na rama a hunturu.