Kurakuran da ake yawan yi a babin lektin da yadda za a gyara su

Ƙannena masu karatun likitanci da na lab a nan Gadarif ta Sudan, har da waɗanda yaƙin 2023 ya koro daga Khartoum da Madani suna haɗa karatu ta waya, babin lektin ɗin nan na darasin garkuwar jiki yana cinye wa mutane maki ba gaira ba dalili, kuma kusan wuri ɗaya kowa ke tuntuɓe.

Lektin furotin ne, amma da an ce yana kama sukari sai hankalin mutum ya tafi kan sukarin shayi ko na ciwon suga. Ba shi ba ne. Ana nufin sarƙoƙin sukari da ke manne a bayan kowace ƙwayar halitta, tamu da ta cuta, kuma saƙar kowa daban take. Bangon Candida, wani fungus mai sa cuta, cike yake da wani sukari da ake kira beta-glukan, mu kuwa jikinmu bai yin sa sam, shi ya sa da Dectin-1, wani lektin na ƙwayoyin garkuwarmu, ya taɓa shi ya san baƙo ne ya shigo. Brown da Gordon ne suka nuna haka a 2001. Eh ciwon suga yana raunana garkuwa amma wannan wani babi ne daban, kar ku cusa shi a amsa.

Sai masu kallon bidiyon TikTok da ke cewa a daina cin wake wai lektin guba ne. Na tsirrai daban, na jikin ƙwayoyin garkuwarmu daban. Gaskiya ne jan wake ɗanye ko wanda bai dahu ba yana sa amai da gudawa, maganinsa a jiƙa a zubar da ruwan a tafasa shi sosai aƙalla minti 10, shi ke nan. Ku ci ful ɗinku da safe hankali kwance.

Harafin C da ke sunan babban gidan lektin ɗin, wato C-type lektin, da yawa suna rubuta wai kompliment ne (jerin furotin na garkuwa da ke cikin jini), kalsiyam ne. Kuma wannan ba maganar imtihan kawai ba ce, in kika ɗebi jini a kwalba mai murfi ruwan hoda mai duhu ɗin nan ta EDTA kika ce za ki gwada aikin hanyar lektin ta kompliment ba abin da zai fito, don EDTA ya riga ya kwashe kalsiyam ɗin, siram ake so, wato ruwan da ke saura bayan jini ya daskare. Amma fa a kula, Dectin-1 ɗan gidan ne kuma shi baya buƙatar kalsiyam, malamai suna son wannan tarkon.

Haka lektin biyun nan MBL da CD206 ana ta cakuɗa su don duka sukarin mannos suke kamawa. MBL hanta ke yin sa, yawo yake a jini, in ya manne a jikin ƙwayar cuta sai abokan tafiyarsa MASP su yanka C4 da C2 na kompliment ba tare da an jira antibodi ba. Shi kuwa CD206 a zaune yake a fatar makrofaj, ƙwayar garkuwa mai cinye baƙi, yana haɗiye abin da ya kama. Kuma ƙarancin MBL ba abin firgita iyaye ba ne, mutane da yawa suna da shi suna rayuwarsu lafiya lau, an fi ganin tasirinsa a jarirai da waɗanda garkuwarsu ta riga ta yi rauni.

To wanda ya fi damuna shi ne ɗaukar cewa duk abin da lektin ya kama ya mutu kenan. Wallahi ba haka ba ne, kuma mu nan Gadarif bai kamata mu yi wannan kuskuren ba. Duk wanda ya shiga ɗakin masu kala-azar ya ga yaron da aka kawo daga ƙauyukan bakin kogin Atbara ko Rahad, makonni yana zazzaɓi, hannaye sun zama kamar kara, ciki ya kumbura saifa ta sauko har ana taɓa ta ƙasa da haƙarƙari, ya san Leishmania, ƙwayar da ke kawo cutar, ba gudun makrofaj take ba, so take a haɗiye ta don a ciki take hayayyafa, kuma masu kama mannos da masu karɓar kompliment irin CR3 suna cikin ƙofofin da take bi. Ƙwayar tarin fuka ma haka, tana da wani sukari a bangonta ManLAM wanda in ya kama lektin ɗin da ake kira DC-SIGN sai ya sanyaya martanin jiki. HIV kuwa tun 2000 aka nuna yana maƙale wa DC-SIGN da gp120, furotin ɗin da ke bayansa, a ɗauke shi a kai shi har kaluluwa a miƙa shi ga ƙwayoyin CD4. Nan ma ana zamewa, sai ɗalibi ya rubuta wai DC-SIGN ne ƙofar shigar HIV, a'a, shigar tana ga CD4 tare da CCR5 ko CXCR4. Gyaran shi ne duk lektin ɗin da kuka karanta ku tambayi kanku me yake kamawa, bayan ya kama me ke biyowa, sannan wace cuta ce ke amfana da hakan.

Wasu lektin ɗin ma aikinsu hana faɗa ne. Yawancin Siglec in sun ga sayalik asid, sukarin da ke lulluɓe da ƙwayoyinmu, sai su ce wa garkuwa dakata na gida ne, shi ya sa Streptococcus rukunin B ke shafe kanta da shi. Selektin kuma ba ƙwayar cuta suke fara nema ba, su ke riƙe fararen ƙwayoyin jini suna mirginawa a bangon jijiya kafin su fita zuwa inda rauni yake. P-selektin ɗin nan yana da hannu a toshewar jijiyoyin masu sikila, don haka in tambaya ta zo a kan ciwon ƙashin sikila kar ku tsaya a lanƙwasar jajayen ƙwayoyin jini kaɗai, ku ambaci mannewar farare da platelet, masu daskarar da jini, a bangon jijiya.